Yadda na gyara hotunan yamma da suke fito min da duhu

Wallahi abin ya ci min rai. Na ɗauki masu tumatur a kasuwar Mile 12 da ke Legas gab da magariba da fim ɗin Kodak Gold 200, ba filas, kyamara a hannu kawai. Da aka wanko rabi sun girgiza, rabi kuma inuwa ta yi toka-toka, fuskar kawuna ma ba a gane ta.

Ashe laifina ne. Fim mai lamba 200 na rana ne, yana buƙatar haske sosai, ni kuma ina ta ƙara gudun shata (ƙofar da ke barin haske ya shiga kyamara) don kar hannu ya yi rawa, haske bai ishi fim ɗin ba, alhali fim mai kala irin wannan ya fi jure haske ya yi yawa a kan ya gaza.

Sai na sayi fim ɗin Portra 800 mai iya aiki da haske kaɗan, akwai tsada amma na daure. Lens 50mm a f/2, wato a buɗe sosai, shata ba na sauka ƙasa da 1/60 na daƙiƙa, na manna gwiwar hannu a ƙirji in riƙe numfashi sannan in danna. Mai wanki na ce masa malam C-41, wato wankin fim mai kala yadda aka saba, kar ka tsawaita wankin, yana ƙara tsakuwa-tsakuwa a jikin hoto.

Alhamdulillah jan tumatur ya fito fes, har zufar goshin kawu ana gani. Sauran fim ɗin yana firij saboda zafin Legas.