Ɗora zare a allura: wace hanya za ki fara da ita?

Kafin ki zaɓi hanyar ɗora zare, wato jera madaukan farko da ake kira idanu a jikin allurar saƙa, ki duba bakin abin da za ki saƙa. Bakin hula dole ya buɗe kai ya shiga, sannan ya koma ya kama. Mayafin wuya ba ruwansa da wannan, bakinsa ya kwanta sumul kawai ake nema. Aikin bakin shi ke zaɓar hanya.

Ni idan aka kawo mini wadda ba ta taɓa riƙe allurar saƙa ba, ba na fara mata da naɗin babban yatsa, duk da ya fi kowanne sauƙi. Ki naɗa zare a yatsa, ki zura allura, ki ja, ido ya hau. Nan da nan allura ta cika, sai murna. Wahalar tana layin farko: idanun ba su da gindi, duk wanda kika saƙa sai zaren da ke tsakaninsa da na gaba ya ƙara tsawo, kafin ki kai ƙarshe kin tara zare yana lilo. Ki bar wa wannan hanya wurin da ake ƙara idanu kaɗan a tsakiyar aiki, kamar kafar maɓalli ko hammatar riga.

Wadda nake fara koyarwa ita ce ta allura biyu. Ki yi ƙullin zarge, ki bar jela kamar santimita 15, ki sa shi a allurar hagu. Wannan ƙullin shi ne ido na ɗaya, ki ƙirga da shi. Ki zura allurar dama a cikinsa ta gaba, ki zagayo zare, ki jawo sabon madauki. Maimakon ki zame tsohon idon, sai ki ɗora sabon a kan allurar hagu kusa da shi. Ki maimaita a cikin sabon. Abin da ya sa nake son ta: motsin hannun nan shi ne dai na saƙar kanta, don haka kina gama ɗora ido 20 hannunki ya riga ya san hanya. Bakinta yakan ɗan yi sako-sako, amma ga mayafin wuya ko ƙyallen gwaji ba komai.

Da hannunki ya faɗa, ki koma kan mai doguwar jela, don ita za ta yi miki yawancin aiki: hula, riga, bargon jariri. Tana da sauri, bakinta da tsabta, tana kuma miƙewa daidai gwargwado. Ki yi ƙullin zarge, ki bar doguwar jela, ki sa shi a allurar da ke hannun dama. Jelar tana kan babban yatsan hagu, zaren ƙwallo yana kan manuniya, sauran yatsu uku sun danne duka biyun a tafin hannu. Allura ta shiga madaukin babban yatsa ta ƙasa, ta ɗauko zaren manuniya, ta dawo ta cikin madaukin, ki saki yatsa, ki ɗan ja. Abin haushinta ɗaya ne, jela ta ƙare saura ido kaɗan. Ki auna kamar ninki uku na faɗin abin da za ki saƙa, ki ƙara kaɗan. Ko ki naɗa zare sau 10 a jikin allura, ki warware, wannan tsawon ya kai kimanin ido 10, sai ki ninka. Gara ya yi saura a yanke.

Matsewa ita ce ciwon masu koyo. Za a ce miki ki ɗora a kan allura biyu a haɗe ko a babbar allura. Yana sa idanun su yi girma, layin farko ya yi sauƙi, amma miƙewar bakin tana ga tazarar da ke tsakanin ido da ido. Ki sa yatsa ki riƙe sabon idon nesa kaɗan da na baya kafin ki ja, ki bar gibi kamar kaurin zaren. Idan idanu ba sa zamewa a jikin allura sai kin tura da ƙarfi, ki warware tun yanzu.

Akwai ta kebul, ƙanwar ta allura biyu, inda ake zura allura tsakanin idanu biyu na ƙarshe. Bakinta tsayayye ne, ba ya miƙewa sosai, kada ki sa ta a wuyan safa. Safa murɗin Jamus take so, wato mai doguwar jela da ƙarin murɗi ɗaya. Wannan kuwa sai kin zo saƙa safar.

Don gwaji, ki samo zare mai haske, mai santsi, matsakaicin kauri, da allura milimita 5. Ta katako ta fi ta ƙarfe riƙe ido. Baƙin zare ko mai gashi ɓoye miki idanu zai yi. Ki ɗora 20 da kowace hanya, ki saƙa layi kaɗan, ki cire daga allura, ki kama gefe da gefe ki ja. Idan hula za ki yi, ki ɗauki wanda ya buɗe ya kuma koma yadda yake.