Yadda malamin firamare zai raya darasi da waya ɗaya da kayan da ke tsakar makaranta

A nan Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na ƙasa a watan Satumba na 1999, kuma duk wanda ya leƙa makarantun firamare na gwamnati a cikin gari ko a ƙauye ya san yadda ajujuwa suka cika, har malami ɗaya yakan tsaya gaban yara 70 ko fiye, wasu a kan benci, wasu a ƙasa. Irin wannan aji na sa a gaba a wannan bayani, wato ajin da babu wutar lantarki, alli ba ya wadata, malami kuma ba shi da wata na'ura sai wayar da ke aljihunsa. Shawarata ita ce malami ya fara yanke abin da yaran za su yi da hannunsu da bakinsu a cikin minti 30 ko 35 na darasi, sa'an nan ya duba inda waya za ta sa hannu. Idan aka fara da wayar, darasi yakan rikiɗe ya zama kallo, yaran baya kuwa ko kallon ba sa samu.

Aikin farko shi ne sanin matsayin kowane yaro. Malami ya rubuta haruffa 5, gaɓoɓi 5, kalmomi 5 da gajeriyar jimla ɗaya a kan kwali, ya riƙa kiran yaran ɗaya bayan ɗaya suna karantawa yayin da sauran ke kwafar wani aiki daga allo. Wannan zai ci kwana uku ko huɗu, amma bayansa malami zai iya raba ajin rukuni-rukuni: waɗanda ba su gane haruffa ba tukuna, masu haɗa gaɓoɓi, da masu karanta jimla. Kada a sa wa rukunonin sunan da zai nuna wa ya fi wa. A kira su Rima, Wurno, Kware, Goronyo, kowane rukuni da jagoransa, a kuma riƙa sauya jagoran duk mako biyu domin kada jagoranci ya koma sarauta. Wannan tsari ba baƙo ba ne a ƙasar nan, domin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta horar da jajis, wato matan da ke jagorantar karatu, waɗanda suka riƙa ɗaukar karatu a cikin waƙa suna kai wa mata a ƙauyuka. Malamin da ke da yara 70 yana bukatar nasa jajin a kowace kusurwar aji.

A darasin karatu, kwalin taliya ko na sabulu ya isa. A yayyanka shi kamar faɗin tafin hannu, a rubuta gaɓa ɗaya a kan kowane yanki da babban rubutu: ba, ki, ka, ra, ma, ta. Kowane rukuni ya karɓi nasa tarin, a ba su minti 5 su haɗa kalmomin da za su iya, jagora yana rubutawa. Daga waɗannan gaɓoɓi 6 kaɗai za su fitar da baki, kara, mata, rama, tara, taba, kuma lalle wani zai haɗa abin da ba kalma ba ce, ajin ya yi dariya, malami ya tambaye su dalilin da ya sa ba ta karɓu ba. Waɗanda ba su kai nan ba su zauna a bakin ƙofa da faifai ko tire cike da yashi suna zana harafi da yatsa suna furta shi, su shafe su sake. Yashi ba ya ƙarewa, kuskure kuma ba ya barin tabo kamar yadda yake bari a littafin da uba ya saya da ƙyar.

Haruffa masu lanƙwasa sun cancanci a daɗe a kansu. A jera kalmomi biyu-biyu a allo, kasa da ƙasa, baki da baƙi, kafa da ƙafa, bata da ɓata, malami ya furta ɗaya, yara su nuna wadda suka ji ta hanyar ɗaga hannun dama ko na hagu. Daga inda yake tsaye zai ga hannun da ya yi jinkiri da wanda ya jira ya ga na maƙwabcinsa. Bayan haka a sake su da zancen kwaɗo da ƙato da suka tafi neman ƙoto, a ga wanda zai faɗe shi sau uku a jere harshensa bai sarƙe ba. Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. Yaron Sakkwato yana cewa tahi, hwari, biyat, littafinsa kuwa yana rubuta tafi, fari, biyar. Ban ga amfanin tsawata masa a kan harshen uwarsa ba. A raba allo gida biyu, gefe ɗaya yadda muke faɗa, ɗaya gefen yadda ake rubutawa, yaran da kansu su riƙa kawo misalai daga gida suna cika layin. Cikin 'yan makonni za su fara kama bambancin tun kafin malami ya nuna.

A nan ne waya take fara aiki, kuma kunne ya kamata ta fara yi wa hidima kafin ido. Fuskar waya ba ta wuce tafin hannu ba, amma ƙaramar sifika mai haɗuwa da waya ta Bluetooth tana kai murya har bangon baya. Malami ya roƙi wata dattijuwa a unguwa ta yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ya ɗauki muryarta da izininta, kada ta wuce minti 4. A aji, da zarar muryar ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," yara za su amsa "Ta zo mu ji ta" ba tare da an umarce su ba. Idan labari ya kai inda Gizo ya shiga tsaka mai wuya, malami ya tsayar da sautin, ya ce kowane rukuni ya yi shawara ya faɗi yadda zai kuɓuta. Masu iya rubutu su rubuta jimla biyu, sauran su zana. Sai an saurari kowa sa'an nan a saki ƙarshen labarin. Da wannan manhajar ɗaukar murya kuma malami zai iya naɗar karatun yaro na minti ɗaya a farkon zango, ya sake naɗa a ƙarshe, ya kunna masa duka biyun. Na ga yaron da ya ƙi yarda cewa muryar farko tasa ce, saboda yadda take tuntuɓe a kan kowace gaɓa.

Lissafi ya fi kowane darasi sauƙin samun kayan aiki. A sa yara su tara marafan kwalba, ƙwallon dabino da tsinken tsintsiya. Tsinke goma a ɗaure da zare ya zama ɗauri ɗaya, ta yadda 34 zai zama ɗauri 3 da tsinke 4. Idan aka ce a cire 8, yaro zai ga tsinke 4 ba su isa ba, dole ya kwance ɗauri ɗaya, kuma a nan ne abin da ake kira aro a lissafin ragewa yake fitowa fili a hannunsa. Gurbin dara da yara suka saba gani a ƙofar gida, layi 5 na ramuka 6, darasin ninkawa ne da aka riga aka haƙa: a ƙirga ta tsaye, a ƙirga ta kwance, amsar dai 30 ce. Ranar Alhamis a buɗe kasuwa a cikin aji. A yanka takardu a rubuta naira 50, 100, 200 da 500, a jera gwangwanayen madara da na tumatir, a tara duwatsu kashi-kashi a matsayin albasa, wasu yara su zama 'yan kasuwa, wasu masu saye. Sharaɗin shi ne ba a bayar da canji sai an rubuta lissafin a takarda. Yarinyar da take talla da yamma takan ba da canji daidai tun kafin a gama faɗin farashi, amma ta kasa sa shi a rubuce, kuma aikin malami shi ne ya haɗa mata wanda ke kanta da wanda ke takarda.

A kimiyya, ranar Sakkwato da ake kuka da ita kayan koyarwa ce. A kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a fili, ta tsaya cak, a riƙa tura yara biyu duk bayan awa guda su ajiye dutse a ƙarshen inuwar su auna ta, da taki tukuna, daga baya da ma'auni. Biyu kawai za su fita, su kuma dawo nan take, domin daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40. Za su ga inuwa tana gajarcewa har wajen ƙarfe 12:40, sa'an nan ta fara tsawo ta ɗaya ɓangaren, kuma waɗanda suka ji maganar zawali a makarantar Islamiyya za su gane abin da suke gani. Da yake Sakkwato tana wajen digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu, a ƙarshen Afrilu rana takan tsaya kusan daidai bisa kai, inuwar sandar ta kusa ɓacewa, abin da ba ya faruwa a watan Disamba. Malami ya ɗauki hoton sandar daga wuri ɗaya a kowace awa, washegari ya nuna hotunan a jere.

Gwaji na biyu shi ne tukunya cikin tukunya, dabarar da wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ta kai shi ga samun lambar yabo ta Rolex a 2000. A sa ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. A zuba tumatir a ciki, a bar wasu a waje a cikin kwano, kowace safiya wani rukuni ya duba ya rubuta abin da ya gani, ya ƙara wa yashin ruwa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bushewa ne tare da ɗauke zafi, shi ya sa abin ya fi aiki a lokacin rani da iska take a bushe. Kafin malami ya yi wannan bayani, ya tambaye su dalilin da ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi, ya bar su su yi gardama.

Hoto kuma sai da tsari. Na taɓa miƙa wa yaron da ke benci na gaba wayata domin ya kalli hoton madatsar ruwa ta Goronyo ya miƙa wa na kusa da shi. Kafin ta kai layi na uku ajin ya tashi tsaye, an yi rububi, wayar ta faɗi gilashinta ya tsage, darasin ranar kuma ya tafi a rabon faɗa. Tun daga nan waya ba ta barin hannuna. Rukuni ɗaya ke zuwa teburin malami, su kalla na minti 2, su koma da tambayar da za su amsa, sauran suna kan aikin da aka ba su. Hoto 3 sun isa darasi guda. Waɗanda malami ya ɗauka da kansa sun fi amfani, kamar Gulbin Rima a damina da kuma a rani, ƙofar Hubbaren Shehu, fadamar albasa, ko hannun baduku yana ɗinka fatar jar akuya, domin yara suna da abin faɗa a kansu.

Duk abin da za a nuna a aji a sauke shi tun da dare, malami ya kalle shi daga farko har ƙarshe, domin ba a dogara da intanet a tsakiyar darasi. Shafin African Storybook yana da gajerun labarai masu hotuna da Hausa waɗanda ake saukewa kyauta, akwai kuma dandalin darussa na Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta buɗe tare da UNICEF a 2022. Malaman makaranta ɗaya su raba aikin, wanda ya sauke ya tura wa sauran ta Bluetooth ko Xender ba tare da kowa ya sake kashe data ba. Wanda zai buga rubutu a waya ya ƙara Hausa a cikin harsunan Gboard, manhajar madannan rubutu ta waya, domin ya samu ƙ, ɗ da ɓ, kada ya koyar da bambancin baki da baƙi da safe ya rushe shi da nasa rubutun da rana. Ga iyaye kuwa, saƙon murya na WhatsApp ya fi takarda isa gida, amma a yi shi da sanin hedimasta, kuma kada a sa hoton yaro ko muryarsa a Facebook ko wani dandali sai da yardar iyayensa.

Kafin shiga aji malami ya toshe shigowar kira da saƙonni, ya tabbata wayar da sifikar suna da caji tun daga gida. Kada a ajiye su a bakin taga, domin zafin bazara yana sa waya ta kashe kanta, ƙurar hunturu kuma tana toshe ramin caji da na sauti, saboda haka jakar ƙyalle mai zif ta fi aljihu. Kwalayen gaɓoɓi, ɗaurin tsinke da takardun kasuwa a zuba su a buhu ɗaya mai sunan ajin, a damƙa wa jagororin mako alhakin ƙirga su kafin a tashi, su kai ofishin hedimasta su ajiye.