Yadda za ka ɗauki ango da amarya hoto da taurari kafin biki

Tunda masu aure suka fara ganin hotunan nan na taurari a Instagram kowa sai ya ce irinsa yake so kafin biki, to abin ba wuya amma fa ba a tsakiyar Zariya kamar Sabon Gari ko PZ za ka yi shi ba, hasken fitilu cinye taurarin yake yi. Ka ɗan fita gefen gari, wajen Dutsen Kufena ta Wusasa ko ta hanyar Shika, inda akwai gidajen mutane kusa, kar ka lula daji da 'yar mutane. Ku tafi da ƙaninta ko yayarta, a gama Isha a fara, kafin ƙarfe 9 an maida ta gida. In kuka yi sa'a aka ɗauke wuta a daren ma ai faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ranar kuma da lissafin watan Musulunci za ka tsayar, daga 27 ga wata zuwa 2 ko 3 ga sabo, lokacin babu farin wata. Damina hadari ne, Disamba zuwa Fabrairu hazo, ni dai ƙarshen Oktoba da Nuwamba na fi so, sama ta wanku tas ga kaza da 'ya'yanta ta gabas.

Kyamara dole ta hau mai ƙafa uku, hannu ba zai yi ba. Ka sa lens (gilashin gaban kyamara) mai faɗi kamar 24mm, ƙofar shigar haske f/2.8, ISO (ƙarfin kama haske) 1600 zuwa 3200, shota (tsawon lokacin da kyamara ke buɗe tana ɗauka) sakan 15 ko 20. In ka raba 500 da lambar mm ta lens ɗinka za ka samu iyakar sakan da za ka iya bari kafin taurari su fara jan layi. Fokas da hannu, ka saita a kan tauraro mai haske, su kuma su tsaya ɗan nesa da kai don kowa ya fito.

Inda aikin yake shi ne tsayuwar. Sakan 15 ba motsi wallahi da tsawo, ango zai fara dariya, amarya za ta kai hannu ta kori sauro, iska kuma ta ɗaga mayafi sai ya fito kamar hayaƙi. Ka ce ta maƙale shi da fil, in da dutse su zauna a kai ya fi tsayuwa, sai ka ba su filasha sau ɗaya tak daga gefe kuma ka rage ƙarfinta sosai, don farar shadda in ta sha haske ko aikin wuyan rigar ba za ka gani ba.

Sai ƙawaye. Wata rana na ɗauki hoton da ya fi kowanne kyau, ina dubawa na ga wani farin layi ya ratsa ta bayan hular ango, ashe wata ce ta kunna tocilar waya tana neman takalminta. Tun ranar kafin in danna sai na ce kowa ya jefa wayarsa a jaka, kowace tsayuwa kuma sau 5 nake ɗauka in zaɓi ɗaya a gida.