Yadda Ake Gano Ɓeran Bishiya Mai Baƙar Wutsiya a Kalahari

Wanda yake son ganin wannan ɓera, wanda masana ke kira Thallomys nigricauda, sai ya nufi busassun dazuzzukan ƙaya na Namibiya, Botswana da arewa maso yammacin Afirka ta Kudu, inda yake rayuwa a kan itatuwa, musamman Vachellia erioloba, 'yar uwar bagaruwarmu.

Ka fara aikin tun da rana. Zaɓi tsohuwar bishiya mai kogo, irin waɗanda suka yi jere a bakin busassun kogunan Nossob da Auob da ke cikin Kalahari, ka duba tsakanin rassa ko za ka ga tulin tsinkaye da ciyawa sun leƙo daga rami, domin wannan ita ce sheƙarsa. Sannan ka sunkuya ka duba gindin bishiyar, inda ƙananan kashinsa da guntayen ganyen da ya gatsa sukan zuba.

Da magariba ka koma, ka zauna nesa kaɗan, ka yi shiru, saboda sai duhu ya fara shiga yake fitowa neman ɗanyen ganye da ƙaro. Yi amfani da tocila mai jan haske, wadda ba ta firgita shi sosai. Za ka shaida shi da baƙin zanen da ya kewaye idanunsa kamar ya sha kwalli, da farin gashin cikinsa, da doguwar wutsiya baƙa.

Kada ka sa hannu a kogon, domin macizai ma sukan fake a ciki. Kada kuma ka kwashi busasshen itacen wurin don hura wuta, tunda a irinsa ne uwa take renon 'ya'yanta.