Yadda Ake Gano Dalilin Misin da Zafin Salansa a Injin Gas

Tirelar da ke kwana a layin tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas inji na kunne, ko wadda ta sha gas ɗin bakin hanya, ba ta daɗewa take fara karkarwa tana misin, wato wata silinda ba ta cin wuta daidai. Direba, kada ka yi saurin cewa a kwance nozul, wato abin da ke fesa gas cikin silinda. Fara da mai. Kwance ƙasan filta ka tari kaɗan a farar gora. In da ruwa, za ka gan shi kwance a ƙasa. Canza filtar, ka fitar da iskar da ta shiga layi.

Daga nan duba hayaƙi. Baƙi na nufin mai ya fi iska yawa. Fari mai yaji a ido gas ne da bai ƙone ba, amma in ruwan lagireto na raguwa, zargi gasket ɗin kan inji. Shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa.

Inda bakanike na gari yake bambanta shi ne gano silindar da ta kwanta. Bari inji ya ɗau zafi, ka ɗauki na'urar auna zafi mai kamar bindiga, ka haska bakin salansar kowace silinda daga nisa ɗaya. Wadda ta fi sauran sanyi ita ce ba ta cin wuta. A tsofaffin injuna ana sassauta notin bututun nozul ɗaya bayan ɗaya, wanda aka sassauta sautin inji bai canza ba, can matsalar take. Don Allah kada a gwada wannan a sabbin injuna masu kwamfuta, matsin man yakan wuce bar 1,500 (bar ma'aunin matsi ne), yana huda fata. In ka gano silindar, sai ka musanya nozul ɗinta da na maƙwabciyarta. In misin ya bi shi, nozul ne. In ya tsaya, a auna kwamfireshan, wato matsin cikin silinda, a duba bawul da ringi.

Zafin salansa kuwa, in yana zarce digiri 700 na Selshiyos kafin hayaƙin ya shiga turbo (na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska), fistin na cikin haɗari. Yawanci iska ce ta yi kaɗan: filtar iska ta toshe, ko tiyon turbo ya tsage. Nozul mai ɗiga da tayimin (lokacin fesa mai) da ya yi baya su ma suna jawowa. Da kwantena a hawa, rage giya, kada ka danne inji.

In za a sayi nozul a Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota ta Legas, a ɗora shi kan injin gwaji a gabanka, ka ga feshinsa kafin ka biya.