Yadda za ka koyi zana bakin teku daga aikin Monet

Mu nan Maraɗi teku sai dai a waya, ko a bakin masu zuwa Kotonu ɗauko mota. Amma hakan ba zai hana ka koyi zana shi ba in ka samu aikin gwani ka zauna ka ƙura mai ido. Wanda ya fi dacewa da mai fara koyo a ganina shi ne zanen Claude Monet, mai zane ɗan Faransa, na 1872 mai suna Impression, soleil levant, tashar jiragen ruwa ta Le Havre a Faransa da sassafe, yanzu yana gidan tarihi na Marmottan a Paris. Sauke shi a wayarka.

Kar ka taɓa fenti tukuna. Fara maida hoton baƙi da fari, za ka ga abin mamaki, jar ranar nan kusan ɓacewa take yi don haskenta daidai yake da na sararin da ke kewaye da ita, launi ne kawai ya fiddo ta. Abin da ya fi duhu shi ne ɗan kwale-kwalen gaba, na bayansa ya ɗan dusashe, manyan jirage da bututan hayaƙi kuwa sun narke can baya kamar itatuwa ranar da hazon hunturu ya rufe gari. Da wannan dusashewar ya nuna nisa.

To yanzu samu kwali ko takarda mai kauri, da fenti shuɗi da fari da ruwan lemu da ɗan baƙi. Shafe fuskar takardar gaba ɗaya da shuɗi mai toka-toka, tsarara, kuma dan Allah kar ka ja layi da rula tsakanin sama da ruwa, nan yawancin masu koyo ke ɓata aiki. Ruwan kuma gajerun shafe ne a kwance, manya a gaba, suna ƙanƙancewa in ana nisa. Hasken rana bisa ruwa ƴan ɗigon ruwan lemu ne da tazara tsakaninsu, sa su ka ƙyale su, kar ka yi ta murzawa. Kwaɓa fenti kaɗan-kaɗan, iskarmu busar da shi take nan da nan.

In ka kwafa har hannu ya saba, ka yi sammako zuwa tabkin Madarunfa ka gwada da jiragen masunta, rana na ɗagawa launin ya canza, sai ka yi sauri.