Yadda za ka hau jirgin ruwan yawon buɗe ido daga Jidda ba tare da ka ci bashi ba

Tunda muka dawo daga tafiyar nan ta kwana uku a Bahar Maliya wayata ba ta huta ba, 'yan uwa na unguwar Shara Mansur a Makka da na Madina har da na Riyad tambayarsu ɗaya ce, nawa ka kashe, kuma wai irinmu masu igama, wato takardar zama a Saudiyya, ana barinmu mu hau? Toh ana bari, kuma ba sai kana ɗan kasuwar gwal ba, ni albashi nake ɗauka kamar kowa, adashe muka yi na wata bakwai da abokan aiki, da kwasata ta zo na ɗauki Hajiyarmu da maiɗakina da yara biyu muka tafi. Abin da ya sa na dage ma Hajiya ce, tun muna yara take ba mu labarin yadda mahaifinta ya tsallako tekun nan daga tashar Sawakin ta Sudan a ƙaramin jirgi bayan ya yi shekaru yana noma a Sudan yana tara kuɗin hanya, na ce in Allah ya yarda sai ta ga tekun nan tana zaune a kujera ana kawo mata shayi.

Kafin ka kalli farashi ko hoton ɗaki, fara da takardu, don nan ne mutanenmu suka fi yin asara. Jirgin da zai taɓa Masar ko Jodan fita ce daga ƙasa, daidai yake da ka je filin jirgin sama, saboda haka mai igama sai ya yi khuruj wa auda, wato bizar fita da dawowa, shi da kowa a iyalinsa har jariri. Ta shiga ɗaya riyal 200 ce na wata biyu, kowane wata da ka ƙara 100, na iyali kai za ka cire musu a manhajar gwamnati ta Absher, naka kuma ka fara magana da kafili ko kamfaninku tun da wuri kar ka bari sai saura kwana biyu. In akwai tarar mota a kanka tsarin ba zai ba ka ba sai ka biya, wani maƙwabcina haka ta faru da shi, ya biya kuɗin ɗaki cif sannan ya tarar da mukhalafa ta taru masa, sai da ya ranto ya biya ana gobe tafiya. Fasfo ya zama yana da sauran aƙalla wata 6, igama kuma kar ta zama tana dab da ƙarewa. Wanda ya shigo da bizar umra ko ziyara mai shiga ɗaya, ka sani kana fita da jirgin bizar ta ƙare, ba za ka dawo da ita ba. Ɗan uwan da takardunsa ba su daidaita ba kuwa dan Allah kar wani dillali ya ruɗe shi ya karɓe masa kuɗi, jawazat, wato jami'an shige da fice, na nan a tashar kamar ko'ina.

Sai bizar ƙasashen da jirgin zai tsaya. Abin da aka sauƙaƙa wa mai fasfon Saudiyya ba lallai a sauƙaƙa wa mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Sudan ko Cadi ba ko da a nan aka haife ka, don haka ka rubuta wa kamfanin kafin ka biya, ka faɗi irin fasfonka da sana'ar da ke kan igamarka, ka ce su ba ka amsa a rubuce ka ajiye. Wasu kamfanonin ba sa barin mutum ya hau ma sam in ba shi da bizar ɗaya daga cikin tashoshin, ko da ya ce shi ba zai sauka ba. Mai juna biyu da ta kai mako 24 yawancinsu ba sa ɗauka, haka jaririn da bai kai wata 6 ba.

Yanzu wane jirgi. Abin nan sabo ne a ƙasar nan, a 2021 aka kafa kamfanin Cruise Saudi, a shekarar ne kuma jirgin MSC Bellissima ya fara tashi daga Jidda. A Disamban 2024 jirgin AROYA ya fara aiki daga tashar Jidda, shi na gida ne, tsawonsa mita 335 yana ɗaukar mutum sama da 3,000, abinci halal, ba giya ba gidan caca, akwai wuraren sallah, ga wanda zai tafi da tsohuwa da yara wannan kaɗai ya rage masa rabin tunani. Da sanyin da ya fara aiki ya zagaya Bahar Maliya, wurare irin su Sharm El Sheikh a Masar da Akaba a Jodan da wani tsibiri na Saudiyya da ake sauka a yini, da zafin 2025 kuma ya koma Istanbul yana zagaya Turkiyya da tsibiran Girka. Akwai kuma jiragen Turawa da ke zagaya Dubai da Abu Dhabi da Doha da sanyi, wani lokaci farashinsu ya fi sauƙi a ido amma sai ka ƙara tikitin jirgin sama da bizar can, kuma akwai mashaya a ciki. Shawarata a tafiyar farko ka ɗauki gajera, kwana uku ko huɗu, wacce za ta tashi daga Jidda ta dawo Jidda. Ba kuɗin jirgin sama, ba otal, na Makka da Madina jirgin ƙasan Haramain ya kawo ku tashar Sulaimaniyya ku hau tasi, kuma in teku bai karɓe ka ba kwana uku ba ta kai a yi kuka ba. Ta Girka ka bar ta sai gaba, bizar Shengen ta shiga Turai wata wahala ce daban.

Farashin da kake gani a talla na mutum ɗaya ne, kuma da sharaɗin ku biyu ne a ɗakin. Wannan shi ne abin da na fi so kowa ya riƙe. In ka ga an rubuta, a ce misali, riyal 1,500, toh kai da maiɗakinka 3,000 ke nan tun kafin a yi maganar yara, in kuma kai kaɗai ne sau da yawa sai ka biya kusan na biyun. Daga nan ka tambaya ɗaya bayan ɗaya: harajin tashoshi yana ciki? kuɗin hidimar ma'aikata da wasu kamfanoni ke ɗorawa kowane dare kan kowane mutum yana ciki? ruwan gora da lemo fa? intanet fa? Ka ɗauki takarda ka rubuta har da khuruj wa auda da biza da tasi da inshora, jimillar da ta fito ita ce farashin tafiyarka, ita za ka kwatanta da ta wani kamfani, ba lambar da aka rubuta da ja a talla ba. Ni na ware kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin ɗaki a gefe don irin waɗannan, kuma kusan duka ya tafi.

Ɗakuna iri huɗu ne, na ciki mara taga, mai taga wadda ba a buɗewa, mai baranda, sai na manya. Na ciki shi ne mafi arha kuma wallahi ba abin kunya ba ne, gado iri ɗaya ne banɗaki iri ɗaya ne abinci ɗaya kuke ci da mai baranda, barci da wanka kawai ke kai ka ɗaki. Matsalarsa ɗaya duhu, in ka kashe fitila ba ka san dare ba ka san rana ba, sai ka saita ƙararrawa don asuba. Mu abin da muka yi, Hajiya da babbar 'yata muka ɗaukar musu mai taga don ita ba ta son rufaffen wuri, mu muka shiga na ciki a gefensu. In kana tsoron jiri ka nemi ɗaki a tsakiyar jirgi kuma a benen ƙasa-ƙasa, goshi da can sama su suka fi lilo, ka kuma duba taswirar benaye kar ka faɗa ƙarƙashin wurin kiɗa ko wurin cin abinci inda ake jan kujeru tun da asuba.

Lokaci ma yana da tasiri sosai. Hutun makaranta da hutun sallah farashi na tashi, satin da yara ke makaranta da tafiyar tsakiyar mako sun fi sauƙi. Ka sa ido lokutan da kamfanoni a nan suka saba rangwame, ranar ƙasa 23 ga Satumba, ranar kafuwa 22 ga Fabrairu, da Farar Juma'a a Nuwamba. Ka karanta sharaɗin fasa tafiya kafin ka biya, musamman in hutunka a hannun kafili yake.

Ranar tafiya ka je a lokacin da aka rubuta maka. Manyan jakunkuna za a karɓa a bakin tasha a kai maka ƙofar ɗaki amma sukan ɗauki sa'o'i, don haka fasfo da igama da maganin hawan jini ko na suga da caja da kayan canjin yara su zauna a jakar hannu. Mata ku ji wannan da kyau, kasko da gawayi da turaren wuta ba sa shiga jirgi, haka dutsen guga da butar dafa ruwa, duk abin da zai iya tada gobara za a karɓe a ajiye sai kun dawo, humra da turaren fesawa ba matsala. Dafaffen abinci daga gida ma yawanci ba sa bari. Za a ba kowa kati, shi ne makullin ɗaki shi ne shaidarka wurin fita da shiga shi ne kuma jakar kuɗinka, don a ciki ba a ciniki da tsabar kuɗi, za ka haɗa shi da katin banki ko ka ajiye kuɗi a ofishinsu. Ka je ka ce a rufe sayayya a katin yara tun ranar farko, wurin wasannin nan na kwamfuta yaro yana dannawa ne kawai bai san riyal ke tafiya ba. Kafin jirgi ya tashi akwai atisayen ceto, dole ne ga kowa, za a nuna maka rigar ruwa da inda za ka taru in an busa ƙararrawa, ka tabbata tsofaffi sun gane don ba da Hausa za a yi bayanin ba.

Abinci kuwa nan ne za ka ci moriyar kuɗinka. Babban wurin ɗiba da kanka da babban ɗakin cin abinci duk suna cikin kuɗin da ka biya, safe rana dare, shinkafa da kaza da kifi da gurasa da kayan marmari, ba wanda zai kwana da yunwa. Gidajen abinci na musamman su ake biya daban kuma ba dole ba ne, mu ko ɗaya ba mu shiga ba. Ka je da gorar ruwanka ka dinga cikawa.

Waya kuma, da zarar fitilun Jidda sun fara nisa ka sa ta a yanayin jirgin sama. A tsakiyar teku wayar takan kama layin tauraron ɗan adam na jirgin da kanta kuma tsadarsa ba a magana, wani abokin tafiyarmu saƙonnin WhatsApp na rukunin dangi kawai suka yi ta sauka cikin dare, da safe ya ga abin da aka caje shi ransa ya ɓaci har muka dawo. In dole sai da intanet ku sayi na mutum ɗaya.

Sallah ba ta da wahala yadda mutane ke zato. Alƙibla tana juyawa da juyawar jirgi, kuma kamfas ɗin waya yakan rikice saboda ƙarfen da ya kewaye ka, don haka ka tambayi ma'aikata ko ka je masallacin jirgin in akwai, ka duba kafin kowace sallah. Maganar ƙasaru da haɗawa, da maganar ihrami ga mai niyyar wucewa umra in an dawo, ka zauna da malaminka kafin tafiya. Jiri kuma, Bahar Maliya ba kullum take kwance ba, dare na biyu iska ta taso maiɗakina ta ji shi sosai, abin da ya taimaka mata citta da fita sarari tana kallon can inda ruwa ya haɗu da sama, da ƙwayar jiri da muka saya a kemis tun a gari. Ka saya kafin ka hau, asibitin jirgi kuɗi ne, kuma inshorar wurin aikinka ba lallai ta yi aiki a teku ba.

In an tsaya a tasha kana da zaɓi uku, ka bi yawon da jirgi ya shirya, ka fita da kanka, ko ka zauna. Na jirgi ya fi tsada amma in motarsu ta makara jirgi zai jira, in kai ka ɗauki tasi ka makara ba zai jira ka ba, ko da jakarka da iyalinka suna ciki. Wuri mai nisa kamar tsohon birnin Petra daga Akaba, tafiyar kusan awa biyu, ka bi nasu. Zagayen kasuwa kusa da tasha ka yi da ƙafarka ka dawo da sauran awa guda. Ka bi agogon jirgi ba na wayarka ba, da sanyi Masar tana bayanmu da awa ɗaya. Hajiya ma ba ta sauka ba, ta ce ita teku ta zo gani, ranar jirgin ya zama kamar nata ita kaɗai, ta zauna a inuwa da carbinta tana tambayar wani ma'aikaci ɗan Sudan ta ina Sawakin take ya nuna mata da hannu.

Daren ƙarshe ka buɗe lissafinka a talabijin ɗin ɗaki ko ka je ofis a buga maka, ka bi layi-layi, in ka ga abin da ba ka gane ba ka yi magana a daren don da safe layi ya yi tsawo kowa na sauri. Jakunkuna za ku fitar ƙofar ɗaki kafin ku kwanta, ka cire kayan da kowa zai sa da safe da takalmansa tukuna. Kuɗin da banki ya riƙe a katinka a matsayin ajiya yakan ɗauki kwanaki kafin ya dawo, saboda haka kar ka haɗa katin da kuɗin hayarka ke ciki.